Kafin ka sayi na'urar auna siginar layuka a Legas

Aikina kafa rawuta ne, wato na'urar raba intanet, a shagunan 'yan'uwa, daga Agege har Mile 12. Ba na ce wa mai POS ya sayi layin kaza sai na auna iskar wurin, domin kowane kamfani da zangon sigina da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba shi. MTN na da 800 da 2600 MHz, Glo na da 700, kusan duka suna kan 1800, 5G na MTN da Airtel kuma yana 3.5 GHz.

Manhajojin waya irin su NetMonster da CellMapper sun ishi mai ƙaramin ƙarfi. Za su nuna maka zangon da layinka ya hau da lambar RSRP, wato ƙarfin sigina: -80 lafiya lau, -110 sai haƙuri. RTL-SDR kuwa, 'yar na'urar kama sigina da ake soka wa kwamfuta, kar ka ɓata kuɗinka, ko 1800 MHz ba ta kaiwa.

Ni dai na'urar auna sigina mai suna tinySA Ultra nake riƙewa. Tafin hannu ce, da batirinta da allo mai inci 4, kuma idan ka kunna yanayin Ultra tana haura 5 GHz. Ba ta faɗa maka sunan kamfani, kai za ka haddace zangon kowa, amma duk abin da ke yawo a iska za ka gan shi ya yi tudu a allo, har cunkoson Wi-Fi na 2.4 GHz. Da ita na gano abin da ke kashe wa wani Alhaji ciniki: maƙwabcinsa ya ɗaura na'urar ƙara sigina, irin wadda NCC ta hana sakawa ba izini, tana watsa ƙara a layin shagunan gaba ɗaya. Manhajar waya ba za ta nuna maka wannan ba.

Sai dai jabu ta yi yawa, kuma na ɗanɗana. Wani mai shago ya sayar mini da tsohuwar tinySA, wadda ke tsayawa a 960 MHz, a kwalin Ultra, da na koma ya ce bai san ni ba. Don haka duba allo: mai inci 2.8 ba Ultra ba ce. Duba ramin katin ajiya, Ultra na da shi. Sannan, a gaban mai shagon, haɗa ƙofar CAL da ta RF da wayar da ke kwalin, ka kunna gwajin da na'urar ke yi wa kanta, ka jira ya gama. Wanda ya ce babu caji ko kwali ba ya buɗuwa, ɗauki kuɗinka ka wuce. Rasit ma dole, da lambar shago a jiki.