Gargaɗi a kan mai sayar da wayar sifika ta naira 185,000

Ina gargaɗin duk mai sha'awar kayan sauti na gida game da wani mutum da ke tallar sifiku da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a Facebook da WhatsApp, yana kuma da shago a nan Kano. Naira 185,000 ya karɓa a hannuna a kan wayar sifika mita shida, wadda ya rantse mini cewa jan ƙarfe ce zalla daga Jamus, kuma za ta fito da abin da sifikuna suka daɗe suna ɓoyewa. Waya kawai, naira 185,000.

Kada wani ya ce mini ganganci na yi. Ban tura kuɗi ga wanda ban taɓa gani ba, domin amfilifayar da ke ɗakina a wurinsa na saye ta, kuma har yau lafiya lau take aiki. Na je shagon da ƙafata, na zauna a kujerar da ya ajiye tsakanin sifiku biyu, ya aika aka kawo shayi. Ya fara jona wata siririyar waya ta gama-gari ya sa kiɗa, sannan ya kashe, ya sunkuya bayan amfilifaya ya jona tasa mai kauri da bakin ruwan zinare, ya ɗago yana cewa, "Alhaji, yanzu ka saurari kalangun nan." Na saurara, kuma wallahi na ji ya fi cika. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne hannunsa na hagu, wanda yake kan mamurɗin ƙara lokacin da yake wannan maganar, ni kuwa idona yana kan bakin zinaren. Masu wannan harka sun san cewa idan aka ƙara sauti ko da desibel ɗaya ne, wato ɗan kaɗan a ma'aunin ƙarfin sauti, kunne ba ya cewa an ƙara, sai ya ce ya fi daɗi. Da wannan hannun na hagu ya ci naira 185,000.

Ƙanena, wanda ya yi shekaru yana gyaran rediyo, shi ne ya ce a rufe mini ido a gwada. Ya daidaita ƙarar da na'urar awo, ya sa labule tsakanina da kayan, yana jefa kwabo domin zaɓen wayar da zai jona, tsohuwata ko sabuwar, yana rubutawa a takarda, ni kuma ina faɗin wadda nake jin an sa. Da muka duba takardar, abin da na canka daidai bai wuce rabi ba, wato daidai da wanda bai saurari komai ba. Amma kafin wannan gwajin ma na riga na kira mutumin, domin tun daren farko ban ji cikar da na ji a shago ba, sai ya ce wayar tana bukatar sa'o'i ɗari tana aiki kafin ta buɗe. Maganar sa'o'i ɗarin nan ita ta cinye kwanakin da ya ce ana iya mayar da kaya, kuma saƙon muryarsa yana nan a salulata.

Bayan gwajin na koma na ce masa ya zauna a kujerar nan tasa, mu sa labule, ya nuna mini wayarsa da kunne kawai, idan ya iya na yafe kuɗin. Ya ce gwajin rufe ido yana rikita kunne, wai kuma kunnena bai goge ba. Kunnen da ya yaba ranar da nake tura masa naira 185,000! Idan bambancin a sauti yake, ban ga abin da ya kawo ido cikin maganar ba. A 1994, Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin kayan sauti na Harman a Amurka sun sa ma'aikatan kamfanin sun saurari sifiku iri ɗaya a buɗe da kuma a bayan labule, sai makin da suka bayar ya canza da zarar sun ga girma da suna da farashi, har da gogaggun cikinsu. Idan ido ya ja masu wannan sana'a, ni ba abin dariya ba ne. A 2007 kuma James Randi, wanda ya shahara da fallasa mayaudara, ya sa dala miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance wata wayar sifika ta dala 7,250 da mai arha a gwaji irin wannan, kuma ba wanda ya karɓi kuɗin. Labule ba ya cewa duk kaya ɗaya ne, domin sifiku sukan bambanta ƙwarai ko a bayansa, wanda ba shi da abin nunawa ne kawai yake gudunsa.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar gwajin ƙanena ya fere bakin wayar da reza, sai ga fari fat a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda ba ya ɗaukar lantarki sai kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka. Da ya kanga mata wutar ashana sai silin ya lanƙwashe nan take. Wato ko tsohuwar wayata ta fi ta daraja.

Kada ku biya sai an gwada a bayan labule, wani naku ne zai canza waya, kuma kada mai kaya ya taɓa mamurɗin ƙara. Ku fere bakin waya a gabansa.

Hotunan hirarmu, da shaidar tura naira 185,000, da hoton wayar da aka fere, da takardar ƙanena, duk zan sa su nan da zarar na rufe lambobin asusu. Ya toshe ni a WhatsApp, amma shagon yana nan, kuma zan kai maganar gaban shugabannin kasuwar da wayar a hannuna.