Ajin Italiyanci na WhatsApp ya burge ni

Jama'a wannan ajin Italiyanci na WhatsApp wallahi yana da kyau, malamin ɗan nan Mabera ne ya daɗe a Milan, saƙon murya yake turowa bayan isha'i ka maimaita ka tura masa ya gyara maka lafazi. Satin nan kan hutu muka yi, faccio un pisolino wato zan ɗan runtsa, mi rilasso ina shaƙatawa, con calma a hankali, har ya ba mu labarin Ferragosto, 15 ga Agusta, ranar da shaguna da yawa ke rufewa mutane su nufi bakin teku. Da zafin azahar na Sakkwato ai pisolino ya zama dole. Illarsa ɗaya, saƙonnin suna cin data sosai, amma kuɗin wata kam da sauƙi.