Tsohon gidan gona na dutse a Faransa, wanne ya fi dacewa a saya?

Ƴan uwa da ke zaune Faransa masu sha'awar irin tsofaffin gidajen ƙauye na dutse, don Allah kafin hoto ya ruɗe ku ku san kala-kala ne, kuma kowanne da irin kuɗin da zai ci daga baya.

Akwai longère na yankin Bretagne, dogo ne siriri ɗaki na bin ɗaki, da can mutane na gefe ɗaya shanu na gefe ɗaya duk rufi guda, dutsensa mai tauri ne, galibi yana fuskantar kudu don ya sha rana. In ka yi nesa da bakin teku farashinsa da sauƙi, matsalarsa dai laima, ruwan sama ba ya ɗaukewa a can. Sai mas na yankin Provence, ya juya wa arewa baya saboda iska mai ƙarfi da sanyi da suke kira mistral, cikinsa sanyi ƙalau lokacin zafi, amma wannan sai mai hannu da shuni.

Na yankin Dordogne shi ne mai sace zuciya wallahi, dutse ruwan zuma, ga ɗakin tattabaru mai kamar hasumiya ga tanderun burodi ga barga, amma ɗaga kai ka dubi rufin, in na fallen dutse ne da suke kira lauze to kowane murabba'in mita ɗaruruwan kilo ne kuma masu iya gyaransa ba su da yawa, kuɗin rufin barga kaɗai zai iya kwantar da kai. Kuma kar ka ɗauka za ka maida barga ɗakin kwana haka kawai, sai ka nemi izini a ofishin magajin gari, in ma gidan na cikin mita 500 daga wani ginin tarihi sai jami'in kula da gine-ginen tarihi ya ga tsarin gyaran.

Ni longère zan ɗauka, rufi ɗaya ne zan yi ta fama da shi.

Ko wanne ne dai ka je da kanka, ka dafa bango ta ƙasa ka ji ko da danshi, ka soka mabuɗi a jikin katakon rufi, in ya shige kamar cikin burodi ƙwari sun gama da shi. Ka duba me aka cike tsakanin duwatsun da shi, farar ƙasa ake so, siminti yana tsare ruwa a ciki, duk wanda ya ga yadda yaɓen siminti ke ɓarewa daga ginin ƙasa a gida ya san zancen. Ka karɓi takardun bincike, na dalma in an gina kafin 1949, da na ramin masai, don in bai cika ƙa'ida ba shekara 1 kake da ita ka gyara bayan saye. Sannan ka ware kashi 7 zuwa 8 na farashin saboda haraji da kuɗin notaire, wato jami'in shari'a mai tabbatar da cinikin gidan.