Hattara da masu tallan wasan yaƙi a rabin kuɗi, ni dai sun ci nawa

Jama'a ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, amma gara in faɗa tun kafin wani ya sake zurmawa ramin da na zurma. Maganar wasannin allo ce, irin na dabarun yaƙi ɗin nan da ake bugawa a kan taswira da katuna da ɗan lido, da kuma wasu 'yan damfara da suka gano cewa masu son wasan nan akwai su da dogon tunani kafin su saya, to wannan dogon tunanin shi suka mayar jari.

Ni wanda na daɗe ina hange shi ne Twilight Struggle, na kamfanin GMT Games, wanda Ananda Gupta da Jason Matthews suka tsara ya fito a 2005. Yaƙin Cacar Baki ne daga 1945 zuwa 1989, mutum ɗaya ya riƙe Amurka ɗaya ya riƙe Tarayyar Sobiyat, zagaye 10, kusan kowane kati wani abu ne da ya faru da gaske a tarihi, rikicin makamai masu linzami na Kuba, yaƙin Koriya, rikicin mashigin Suwez da sauransu. Ya yi wajen shekara biyar yana na ɗaya a jerin BoardGameGeek, shafin da masu wasannin allo ke ba wasanni maki, kafin a ture shi a farkon 2016, to ba ƙaramin wasa ba ne. Amma na fi wata shida ina kai-kawo, in saya ko kar in saya, saboda gaskiya abin yana da sharuɗɗa. Mutum biyu kacal ke bugawa, ba na taron abokai ba ne kamar Risk da kowa zai ja kujera ya shigo. Zama ɗaya yana cin awa uku, in ku sababbi ne ma ya fi. Sannan wasannin farko duk shan kashi za ka yi ta yi a hannun wanda ya san katunan, don rabin wasan sanin abin da ke tafe ne. In ba ka da abokin bugu guda ɗaya mai haƙuri wanda zai dawo sati mai zuwa, wallahi kwalin zai zauna kan kanta yana shan ƙura, kuɗinka kuma sun tafi.

Ina cikin wannan wasiwasi sai ga talla ta faɗo min a waya, kai ka ce sun ji abin da nake rayawa a zuci (sun ji mana, ai na yi ta binciken sunan wasan ba dare ba rana). Wai wani shago ne zai rufe, yana karyar da kayansa, bugun Deluxe sabo fil a leda, ƙasa da rabin kuɗinsa. Ga agogo yana ƙirgawa a saman shafin wai saura awa biyu, ga rubutu ja wai saura kwali 7. Nan take duk tambayoyin da na yi wata shida ina yi wa kaina suka watse. Ban sake tunanin wa zan buga da shi ba, ban sake tunanin awa uku ba, abin da zuciyata ta ce kawai shi ne a wannan kuɗin ko ban buga ba ai ban yi asara ba. To nan ne fa tarkon yake, ba wasan suka sayar min ba, hutu daga yanke shawara suka sayar min, ni kuma na biya da murna.

Da na zo biya sai mai shagon ya turo saƙo wai in na tura ta hanyar 'yan uwa da abokai a PayPal zai ƙara rage min wani abu, don shi ma ya huta da cajin da ake cire masa. Na tura. Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan, kyauta ce ka yi wa ɗan uwanka a wajensu. Hanyar biyan kaya da ayyuka ita ce ke ba ka dama ka shigar da ƙorafi in kaya bai zo ba ko ya zo ba yadda aka ce ba. Shi ya san haka, ni ne ban sani ba.

Sati bakwai ina jira. Na ma cire rai sai ga kwali ya iso, har na fara jin kunyar zargin da na yi wa bawan Allah. Daga nesa lafiya lau. Da na buɗe sai wani warin tawada da gam ya buge ni, ledar ma ba a manne ta da kyau ba. Allon da ya kamata ya zama mai kauri, wanda ake ninkewa kamar bangon littafi, sai na ga wani siririn kwali wanda ko shimfiɗuwa ba ya yi sai ka danne gefunansa. Rubutun sunayen ƙasashe ya yi dishi-dishi kamar an ɗauki hoton hoto, shuɗin Amurka ya koma wani ruwan toka. 'Yan ƙananan alamomin da ake ɓallewa daga takarda kuwa injin ya yanka su a karkace, wasu lambar ta fita rabi, in ka ɓalle ɗaya sai bayansa ya ɗaye ya biyo hannunka.

Duk wannan da zan iya haƙura. Katunan ne suka kashe min jiki. Bugun Deluxe kati 110 ne, na ƙirga sau uku ina samun 110 cif, har na ce to alhamdulillah, sai da na jera su bisa lamba na ga ashe wani kati ya zo sau biyu, katin lissafin makin Gabas ta Tsakiya kuma babu shi sam. Wanda bai san wasan ba zai ce kati ɗaya ne ai, me ye a ciki. To katunan lissafin nan su ne ƙashin bayan wasan, duk turereniyar da kuke yi a yanki saboda ranar da katinsa zai fito ne, kuma na Gabas ta Tsakiya yana cikin rukunin farko tare da na Turai da na Asiya, tun zagaye na 1 yake yawo. In babu shi, Masar da Iran da Iraƙi da Saudiyya duk sun zama ado a taswira, ba wanda zai ɓata ƙarfinsa a can. Ƙari a kan haka bayan katunan rukunin tsakiya, waɗanda ake zubawa a zagaye na 4, launinsu ya ɗan fi na farko duhu, to kana kallon hannun abokin karawarka ka san wanne ne sabo wanne ne tsoho.

Na yi masa magana da hotuna. Amsar farko wai ai tsohon bugu ne shi ya sa allon ba kauri. Ka ji wayo, don gaskiya ne bugun farko na 2005 allonsa ba mai kauri ba ne, amma shi wancan kati 103 gare shi, kuma kwalin da ke gabana ga Deluxe nan ɓaro-ɓaro a jikinsa. Da na faɗa masa haka sai salo ya canza, wai zai maido min kashi 15 cikin ɗari in riƙe kayan, ko kuma in mayar da shi wani adireshi a wata ƙasa mai nisa da kuɗina, in ya isa su duba. Kuɗin aikawar ya kusa abin da na biya gaba ɗaya. Kun ga dabarar ai, da gangan suke turo wani abu ko jabu ne, don lambar bin sawun kaya ta nuna an kai, in ka je ƙorafi su ce ga shaida ya karɓa. Na ce to maido da kashi 15 ɗin, shiru, kwana biyu ya yi bulokin ɗina. Bayan sati na koma shafin, agogon nan yana nan yana ƙirga awa biyunsa, kwali 7 ɗin nan ba su ragu ba. Sai a lokacin idona ya buɗe na leƙa sauran kayan shagon, wai shagon wasanni amma ga takalma ga fitilun lambu ga abin yanka farce, babu adireshi babu lambar waya, hotunan wasan kuma duk na kamfanin ne aka kwafo, ko ɗaya babu wanda aka ɗauka a kan teburin mutum. Yanzu shafin ya ɓace, amma na ga irinsa sak da wani suna, yana tallan Axis & Allies da Memoir '44 da agogo iri ɗaya.

Abin haushi, bayan wata guda wani imel ya shigo daga mutanen nan dai, sun manta sun riga sun cuce ni, wai ana sake buga Paths of Glory, wasan GMT na Yaƙin Duniya na Ɗaya, in biya duka yanzu a ajiye min nawa. Wannan ma ku kula da shi sosai don kwaikwayon abin gaske suke yi. GMT suna da tsarin da suke kira P500, mutane su yi odar wasa tun ba a buga ba, in oda ta kai 500 sai a sa shi a layin bugawa, amma ba sa cire maka ko sisi ranar da ka yi oda, sai wasan ya kusa fita. Duk wanda ya ce maka shi wakili ne ka ba shi kuɗi yau a kan wasan da ba a buga ba, tambaye shi me ya sa shi yake gaggawar da masu wasan ba sa yi. Ko a Kickstarter ma, shafin da jama'a ke tara wa mutum kuɗi ya yi wani aiki, da abin yake a fili an taɓa yin ta, akwai wani wasan allo, The Doom That Came to Atlantic City, ba na yaƙi ba ne amma darasin ɗaya ne, an tara masa sama da dala 122,000 a 2012, a 2013 mai kamfen ɗin ya ce an fasa, sai a 2015 hukumar FTC ta Amurka mai kare masu saye ta kai shi ƙara tana cewa yawancin kuɗin a haya da hidimar kansa suka tafi. Wannan fa wanda aka san sunansa da inda yake kenan, ina ga mai shafin da zai ɓace gobe.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tambayar da ta kai ni ga wannan duka, wato wasan ya cancanci kuɗinsa ko a'a, ashe ana iya amsa ta kusan a kyauta. Littafin dokokin yana nan a shafin GMT kowa zai iya saukewa ya karanta ya ga ko kansa zai ɗauka. Akwai na waya da kwamfuta da Playdek suka fitar a 2016, kuɗinsa kaɗan ne in ka gwada da na kwali, ka yi ta bugawa da na'ura har ka gane ko irin naka ne. Akwai VASSAL kuma, manhaja ce ta kyauta da masu wasannin yaƙi ke haɗuwa su buga daga nesa. Da na yi sati biyu a nan da na san matsayata, in saya a wajen dillalin da aka sani ko in haƙura. In kuma na hannu za ka saya wajen wani, ba laifi, amma ka ce ya ɗauko maka hoton ainihin kwalin a buɗe da takarda mai kwanan watan ranar a gefe, ya jera katunan ka gani, kuma ka biya ta hanyar da za ka iya ƙorafi ko da zai ce ya fasa ragin.

Wasan kansa dai na buga shi daga baya, kuma ni a ganina ya cancanta, in kana da mutum ɗaya da zai jure. Da na jabun muke bugawa har yanzu don zuciyata ba ta ba ni in sake fitar da kuɗi ba tukuna. Katin da ya zo sau biyu na manna masa farar takarda na rubuta lissafin Gabas ta Tsakiya da biro, sai dai ya fi sauran kauri, duk sanda ya shigo hannuna abokina yana hangowa daga can gefen tebur, sai kawai in ga ya fara tura mutanensa Iran yana murmushi.