Sharhi kan famfon baho mai haɗa ruwan zafi da na sanyi

Wannan famfo na tagulla, mai mariƙi biyu da baki ɗaya, ya dace da gidan da ruwansa ke gangarowa daga tankin sama, domin faɗin mahaɗinsa inci 3/4 ne, ya ɗara inci 1/2 na famfon wanke hannu, saboda haka baho yakan cika tun ruwan bai huce ba. Wannan faɗin yana da muhimmanci ƙwarai, tunda ruwan tanki ba shi da ƙarfi sosai, abin da masu shaguna ba kasafai suke faɗa ba. Famfon yana da nauyi a hannu, kuma murɗawa kaɗan take rufe shi ruf. Aibinsa shi ne gajartar baki, domin idan gefen bahon mai faɗi ne, ruwan yakan fantsama waje, don haka ya kamata a auna kafin a biya kuɗi.