Zaɓen kwas ɗin ceton rai a fagen daga ga jami'an lafiya na soja

Kwamandan da zai tura jami'an lafiyarsa horo ya kamata, tun kafin ya duba farashi, ya san awa nawa sojan da aka harba zai yi kafin ya kai hannun likitan tiyata, domin wannan amsa ce za ta raba masa gardama tsakanin kwasa-kwasan da ake tallatawa.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne TCCC, wato kwas ɗin kula da wanda ya jikkata a fagen daga, tsarin da ya fito daga rundunar Amurka a 1996 bayan abin da sojojinta suka gani a Mogadishu a 1993. Ya kasa aikin gida uku: kulawa lokacin da ake ɓarin wuta, kulawa bayan an samu mafaka, sai kulawa a hanyar kwashe wanda ya jikkata. Ƙarfinsa yana wajen tsayar da jini, kuma da hujja, domin binciken da aka yi kan sojojin Amurka 4,596 da suka mutu a Iraƙi da Afganistan daga 2001 zuwa 2011 ya nuna cewa daga cikin waɗanda suka mutu kafin su isa asibiti, kusan ɗaya cikin huɗu da an iya ceto su, kuma kimanin kashi 90 cikin ɗari na waɗannan zubar jini ce ta yi ajalinsu. Sai dai kwas ɗin hawa-hawa ne: akwai na kowane soja, akwai na awa 40 ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba, akwai na ƙwararru, don haka mai biyan kuɗi ya tabbatar da matakin da ake sayar masa.

BATLS, kwas ɗin ceton rai a fagen daga na sojojin Birtaniya, shi ma tsayar da jini yake sawa a gaba, kuma tafiyarsa da TCCC kusan ɗaya ce. ATLS kuwa, kwas ɗin kula da masu munanan raunuka, na likitan asibiti ne mai ɗakin tiyata a kusa, bai dace da mai aiki cikin rami ba.

Inda na fi son a tsaya a yi nazari shi ne horon doguwar kulawa, wato kula da wanda ya ji rauni idan kai shi asibiti ya jinkirta. A lokacin yaƙin Afganistan, a 2009 Amurka ta kafa ƙa'idar cewa jirgi mai saukar ungulu ya kai majinyaci asibiti cikin awa ɗaya. A Yukren jirage marasa matuƙa sun rushe wannan lissafi, inda wanda ya ji rauni kan kwana yana jiran mota, har maɗaurin tsayar da jini da aka bari ya daɗe ya jawo yanke ƙafa. Rundunar da ke aiki a dajin Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi ta fi kusa da wannan hali. Kwas ɗin doguwar kulawa yana koyar da sauya maɗaurin da bandeji mai matsi cikin awa biyu idan hali ya yi, da ƙarin jini a fili, da auna fitsari, da rage raɗaɗi. Ya fi tsada da cin lokaci, kuma ba ya amfanar wanda bai ƙware a TCCC ba.

Kafin a sa hannu, a nemi ganin atisayen dare, a tambayi ɗalibai nawa ke gaban malami ɗaya, sannan a duba maɗauran da ake koyarwa da su, domin jabun CAT, wato wani sanannen samfurin maɗaurin tsayar da jini, sun yawaita a kasuwa, kuma sandarsu kan karye a daidai lokacin da ake murɗa ta.