MGB biyu, kuɗi kusan ɗaya: mai tarin takardu ko mai sabon fenti?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a Ingila ya kawo tambaya kan MGB biyu, wato tsofaffin ƙananan motocin kamfanin MG na Ingila, masu buɗaɗɗen sama da aka yi masa tayi. Ta farko ƙirar 1971 ce, ta haura shekara 40 a hannun dattijo ɗaya, fentinta ya koɗe, amma tana tafe da kwali cike da rasitai da takardun MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Ta biyu ƙirar 1972 ce, an ce an yi mata gyaran gaba ɗaya, sai ƙyalli take yi, sai dai babu abin da ya biyo ta in ban da V5C, takardar rajistar mota. Wacce zai ɗauka?

Malam, ta farko za mu nuna maka, da sharaɗin ƙarfen jikinta ya gaskata abin da takardun suka faɗa. Dalili kuwa yana cikin ƙirar motar. MGB da aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980 ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai. Injinta mai cc 1,798 ba ya wahalar da bakanike, kayansa kuma a wadace suke, tunda an ƙera motar fiye da 500,000. Bodi shi ne mai cin kuɗi, kuma shi ne wanda sabon fenti ya fi iya ɓoyewa.

A fara da asali. V5C ba shaidar mallaka ba ce, a jikinta ma an rubuta haka. Sunan mai riƙe da motar kawai take nunawa. Lambar shasin motocin nan biyu ya kamata ta fara da GHN5, kuma ta dace da wadda ke kan V5C harafi da harafi. To amma farantin lambar ɗan ƙarfe ne da aka maƙala a ɗakin inji, ana iya cire shi daga wata mota a kafa wa wata. A mota ta farko wannan fargabar kaɗan ce, domin lamba ɗaya za ka ga tana maimaituwa a takardun shekaru da dama. A ta biyu ba ka da abin gwadawa, sai ka nemi takardar asali daga gidan tarihin motoci na Gaydon, inda rajistar masana'antar take. Za ta ba ka ranar da aka ƙera ta, da launinta na farko, da kasuwar da aka tura ta. A nan asiri kan tonu. MGB da yawa Amurka aka kai su, daga baya aka dawo da su aka mayar da sitiyari dama. Wasu kuma masu bambar roba ne, na ƙarshen 1974 zuwa sama, aka sauya musu bamba mai ƙyalli don su yi tsada. Irin wannan mota ba laifi a hau ta, amma ba a biyan ta kuɗin ta asali.

Sai tafiyar da ta yi. Mitar MGB ta waɗannan shekarun lamba biyar gare ta, idan ta kai mil 99,999 sai ta koma sifili. Saboda haka mil 40,000 a mitar mota ta biyu ba ya gaya maka komai. A ta farko, ka zauna ka jera takardun MOT shekara bayan shekara, ka bi adadin mil ɗin da ke kan kowace. Na 2005 zuwa yau suna shafin gwamnati a intanet kyauta, na kafin nan kuwa sai a takarda, shi ya sa kwalin nan yake da daraja. Abin da za ka fi sa wa ido shi ne giɓi. Tun 2018 motar da ta haura shekara 40 ba dole ba ne a kai ta MOT matuƙar ba a yi mata babban sauyi ba, don haka idan takardun suka tsaya a nan, ka tambaya: daina gwajin aka yi, ko daina hawan motar?

Yanzu ƙarfe, kuma a nan za ka ɓata mafi yawan lokacinka. Dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin kowace ƙofa, shi ne ƙashin bayan MGB marar rufi. Ba falle ɗaya ba ne: akwai na waje da ido ke gani, akwai na tsakiya a tsaye, akwai na ƙasa da ke haɗe da daɓen motar. Ruwa da gishirin da ake zuba wa titunan Ingila lokacin sanyi suna shiga ciki, tsatsa ta fara ci daga ciki zuwa waje. Gyara na gaskiya sai an cire fiffiken gaba, wato fallen bodin da ke rufe saman taya, an yanke ƙasan na baya, an tallafe bodin don kada ya lanƙwashe, sannan a yi walda. Mai neman sauƙi kuwa sabon falle yake ɗorawa a kan ruɓaɓɓen, ya shafe da fila, ya fesa fenti.

A mota ta farko tsohon fenti ba ya rufa wa tsatsa asiri. Duk inda ta fara za ka ga ƙuraje a jikinsa, ka san abin da kake saya. A ta biyu sai ka yi bincike. Ka tafi da tocila da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa a gefen motar, fila ce. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko ramukan tsiyayar ruwa suna nan. Ka duba layin da ya raba dokin ƙofa da fiffiken baya, idan ya ɓace to cike shi aka yi. Sannan ka sa jak a wurin da aka tanada a gefe, ka ɗan ɗaga motar, ka buɗe ƙofa ka rufe. Idan ta cije ko tazarar bakinta ta sauya, bodin ya yi rauni, ka bar ta ko da ta farkon ce. Daga nan ka duba daɓe ƙarƙashin kafet, da maƙalar sufirin na baya, da ramukan batir biyu masu ƙarfin wuta volt 6 da ke bayan kujeru.

Mai cewa ya yi gyaran gaba ɗaya dole ya sami hotunan aikin da rasitan kaya. Idan sabon bodi aka sa, irin wanda kamfanin British Motor Heritage ke yi tun 1988, wannan abin so ne, kuma ba wanda zai kashe irin kuɗin ya yar da rasitinsa. Gyara ba hoto ba rasit cinikin biri a sama ne.

Inda ta farko ke da rauni shi ne zama. Dattijon da ya riƙe mota shekaru masu yawa sau da yawa ya rage hawanta a ƙarshe, kuma zama yana lalata mota. Man birki yana shan danshi, silindar birkin baya ta cije. Tiyon mai yana tsagewa, balle da man E10, fetur mai ethanol har kashi 10 cikin 100, da aka fara sayarwa a 2021, don haka sai a sauya tiyo a riƙa shan E5 mai ƙarancin ethanol. Taya tana iya zama da zane amma ta bushe. Lambobi huɗu na gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, wadda ta wuce shekara 10 a cire. Duk waɗannan ƙananan ayyuka ne, ka ƙirga su ka rage a farashi.

Gwajin inji ɗaya ne ga duka biyun. Ka sa a tayar da shi a gabanka yana sanyi, ka saurari ƙara. Bayan ya yi zafi, mitar matsin baƙin mai ta nuna psi 50 zuwa 80 a kan tafiya, 10 zuwa 25 a tsaye. Bakanike ya auna matsin silinda huɗun, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A kwalin ta farko ka nemi rasitin da ke nuna an sa wa kan injin mazaunin bawul mai tauri, tunda an daina sayar da mai mai dalma a Ingila a 2000. Idan babu, sai ka riƙa zuba maganin da ke maye gurbinsa. Ka kuma nemi shaidar ana sa giris a ƙafafun gaba duk mil 3,000, domin rashinsa ke kawo wasa a sitiyari.

Abu biyu ne za su sa mu juya maka zuwa ta biyu: dokin ƙofar ta farko ya faɗi gwajin jak, ko kuma mai ta biyu ya fito da hotunan walda da rasitai, takardar Gaydon ta kuma gaskata shi. Idan niyyarka ka turo ta gida, ka tuna Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, mota mai sitiyari a dama kuma tana da matsala da dokar hanya.

Kafin ka biya, ko wacce ce, ka sharɗanta a yi mata sabon MOT duk da doka ba ta tilasta ba, a ɗaga ta sama kana tsaye, a kuma rubuta a takardar ciniki cewa kwalin takardun yana cikin abin da ka saya.